Malama: Tarihin Wata Kaka 'Yar Katolika a Yammacin Zamfara

Masu ba da tarihin baka suna fara lissafin sarakunan Zamfara ne daga Dutsi, can wajen Zurmi, inda aka ce Dakka ya fara sarauta, aka kuma ce sarakunan farko ƙattai ne waɗanda har yau ake nuna dogayen kaburburansu. Suna ba da labarin sarauniya 'Yargoje, wadda aka ce ta shekara arba'in tana mulki. Wannan duk faɗar kaka da kakanni ce. Abin da marubuta tarihi suka tsaya a kansa shi ne, wajajen 1762 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Gobirawa suka kafa Alƙalawa a ƙasar da suka ƙwace, gidan sarautar Zamfara kuwa ya shiga yawo, daga Kiyawa zuwa Sabon Gari da wasu wurare, bai sami mazauni ba sai a Anka, bayan jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804. Ashe gidan da ya fi kowane gida asali a wannan ƙasa, shi ma da ƙaura ya iso Anka. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, domin tarihin da zan bayar na wata mace ce da aka sha tambayarta daga ina ta zo.

Kudu da Anka da Bukkuyum da Gummi, idan aka haye Gulbin Ka, sai duwatsun ƙasar Zuru, mazaunin Dakarkari, waɗanda suke kiran kansu Lelna. Tsakanin ɓangarorin biyu akwai ciniki da auratayya, akwai kuma tsohon tabo na hare-haren kamun bayi a ƙarni na 19. Har yau sarautar Bukkuyum ita ce Sarkin Danko, Danko kuwa gari ne da ke can kudu, yanzu a Jihar Kebbi. Daga wannan bakin iyaka kakata ta fito.

Daga 1903 zuwa 1945

Turawan Ingila sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903. Shugabansu Lugard ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, kuma a aikace wannan ya zama hana 'yan mishan yin wa'azi a ƙasashen sarakunan Musulmi. Sakamakon ya daɗe ana girbarsa. A ƙasar Zuru, inda akasarin mutane suke kan addinin gargajiya, 'yan mishan na Furotesta sun shiga tun shekarun 1920. A ƙasar Anka da Gummi kuwa babu mishan, makarantar boko ma sai ɗaiɗaiku na En'e, waɗanda talaka yake gani kamar wani sabon haraji da ake biya da ɗa.

Kiristanci ya shigo Zamfara ta kan dogo. Layin jirgin ƙasa daga Zariya ya ratsa Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929, ya kawo akawu da makanikai da 'yan kasuwa daga kudu, da yawansu Ibo 'yan Katolika. Su ne suka fara taruwa ranar Lahadi a Sabon Garin Gusau, limaman ƙungiyar mishan ta SMA suna leƙo su jefi-jefi. A idon Bazamfare, coci kayan baƙi ne, kamar kantin kamfani da tashar jirgi.

A gidanmu ana cewa an haifi kakata ne a shekarar da aka fara ɗibar soja domin yaƙin Hitila, wato 1939 ke nan in lissafin ya yi daidai. Babu takardar haihuwa, ita ma da aka tambaye ta sai ta ce, "Ban ƙidaya ba, ina dai da wayo ranar da Baba ya dawo." Ana kuma cewa mahaifinta ya yi golmo, noman da saurayin Badakkare yake yi wa surukai shekara bakwai kafin a ba shi mata, yana gamawa ba da daɗewa ba ya shiga soja. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne Dakarkari sun yi suna a aikin soja, kuma runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japan a Burma tsakanin 1943 da 1945. Ya dawo da tabo a cinya, da Hausar bariki, da ƙin zaman ƙauye. Ya kwashe iyalinsa zuwa Gusau, ya kama aikin gadi a wani sito na auduga da gyaɗa.

1953 zuwa 1966: zuwan su Fada da su Sista

A watan Yunin 1953 Roma ta yanke Sakkwato da Katsina daga Kaduna ta mai da su yankin mishan mai zaman kansa, ta danƙa shi ga limaman ƙungiyar Dominikan daga Chicago ta Amurka, Fada Edward Lawton ne shugabansu. Gusau suka mayar cibiya, tun da nan mabiyan suke. A 1956 su Sista na Dominikan daga Great Bend ta jihar Kansas suka iso, suka kama aikin jinya da karɓar haihuwa.

Nan rayuwar kakata ta juya. Su Sista ba su iya Hausa ba tukuna, matan da suke zuwa awo kuwa ba su jin Turanci, sai aka nemi yarinyar da za ta tsaya tsakani. Ita ba Turancin take ji ba, amma tana da kunne, tana da Hausa da Dakkaranci, ba ta kuma ƙyamar jini. Ta fara da wankin zannuwa da dafa ruwan zafi. Da yamma wata Sista takan zaunar da ita a baranda ta koya mata baƙaƙe da wasula. Budurwa ce sosai a lokacin, sa'o'inta duk suna ɗakin miji. Wannan koyon karatu da girma shi ya zame mata jari daga baya, domin ba ta taɓa mance yadda baƙaƙen "b" da "d" suke rikita mai koyo ba, da yadda kunya take toshe kai. Malamin da ya iya karatu tun yana ɗan shekara shida yakan manta da wannan.

Ta yi katikizim, aka yi mata baftisma. Ana cewa mahaifinta bai hana ba, bai kuma bi ta ba. Ya mutu a kan addinin kakanninsa, kowace shekara yana komawa gida bikin Uhola. Daga asibiti aka mai da ita makarantar mishan, tana taimaka wa malamin aji ɗaya: ta jera yara, ta fassara, ta share majina, ta raka wanda ya yi fitsari a wando. Ba ta da takardar shaidar malanta, kuma har ta bar aiki ba ta samu ba.

Babban taron bishop-bishop na Batikan, daga 1962 zuwa 1965, ya ba da izinin yin Misa da harshen mutane a maimakon Latin. Ga Ba'amurke wannan sauyin tsari ne. Ga kakata kuwa, ita ce ranar da ta fara jin abin da Fada yake faɗa a gaban bagadi da harshen da take sayen gishiri da shi. A watan Yunin 1964 Sakkwato ta zama cikakkiyar dayosis, Lawton ya zama bishop na farko. A wannan tsakanin ta auri kakana, kafinta ne daga ƙasar Zuru, wanda aikin ginin makarantu da ofisoshi ya kai shi yamma, ya zaunar da ita a wani gari tsakanin Bukkuyum da Gummi.

1966

An kashe Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa a juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966. A ƙarshen watan Mayu tarzoma ta ɓarke a garuruwan Arewa, har da Gusau, ta kuma sake tashi da muni a Satumba da Oktoba. An kashe Ibo da dama, waɗanda suka tsira suka cika jiragen ƙasa suka nufi gabas. Cikin 'yan watanni Dayosis ɗin Sakkwato ta rasa mafi yawan mabiyanta, a watan Disamba kuma Bishop Lawton ya rasu. Michael Dempsey, shi ma Dominikan, ya gaje shi a 1967, shekarar da yaƙin basasa ya fara, ya tarar da coci-coci babu kowa sai bencina.

A ganina wannan ce shekarar da ta fi kowace muhimmanci a tarihin Katolika a wannan ƙasa. Da baƙin suka tafi, sai ya bayyana su wane ne suka rage: Dakarkari, da Kambari a wajen Yawuri, da Maguzawa a wajen Malumfashi, da 'yan tsirarun ma'aikata daga kudancin Zariya. Dole cocin ya koma Hausa, ya koma ƙauye, ya jingina da katikis da mata. A garinsu kakata, iyalan Ibo da suke haɗuwa da su ranar Lahadi duk sun tafi. Wata maƙwabciyarta Musulma ta shigo da dare ta same ta tana ɗaure kaya, ta ce mata da harshensu na yamma, "Ina za ki? Ke ɗiyar gida ta. Kwance kayan nan." Ta kwance.

Daga nan zaurenta ya zama majami'a. Fada yakan zo ne bayan watanni, idan hanya ta bushe, ya tarar da aiki a jibge: jarirai masu jiran baftisma, ma'aurata masu jiran albarka, masu ikirarin zunubi a jere bayan katanga. Sauran Lahadodin kuwa ita ce. Ta shimfiɗa tabarmi, ta jingina gicciyen da mijinta ya sassaƙa, wani ya karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa, tsohon bugun 1932, ita ta ja Rosari, yatsunta suna bin ƙwayoyin carbin da Sista ta ba ta. Littattafan tarihin dayosis suna jera sunayen bishop: Lawton, Dempsey, Kevin Aje daga 1984, Matthew Hassan Kukah daga 2011. Daidai ne. Amma tsakanin ziyarar Fada da ta gaba, mata irinta ne suka riƙe abin bai watse ba.

1976: shekarar UPE

A farkon shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantun mishan. Fari na 1972 zuwa 1974 ya cinye shanu da rumbuna. A watan Fabrairun 1976 aka raba Jihar Arewa Maso Yamma aka yi Jihar Sakkwato, a watan Satumba kuma gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda kowa ya sani da UPE. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 ne za su shiga aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Babu azuzuwa, babu malamai. Aka shiga ɗaukar duk wanda ya iya karatu da rubutu a matsayin malamin wucin gadi. Haka kakata ta shiga aikin gwamnati, mataimakiyar malamin aji ɗaya, a makarantar da kusan duk ɗalibanta Musulmi ne.

Ranar ɗaukar yara ita take tsayawa bakin layi. Babu mai takardar haihuwa, sai a ce yaro ya ɗora hannun dama bisa kai ya taɓo kunnen hagu. In ya kai, ya isa shiga. Ajinta rumfar zana ce ƙarƙashin bedi. Kafin allo ya iso, a ƙasa take koyarwa: kowane yaro ya share gabansa da tafin hannu, ya zana baƙi da yatsa, ita tana zagayawa a duƙe, goyonta a baya, tana kama yatsan wanda ya karkace ta ja shi a hankali. Lissafi kuwa da guntayen karan dawa, goma-goma a ɗaure da zare. Idan lokacin darasin addinin Musulunci ya yi, sai ta miƙa wa malamin Arabiyya ajin, ta koma gindin itace tana feƙe fensir. Ba a taɓa kai ƙararta cewa ta ja ɗan wani zuwa coci ba, ita kuma ba ta taɓa ɓoye gicciyen wuyanta ba.

Babban aikinta ba a cikin aji yake ba. Iyaye suna gudun boko, musamman ga 'ya'ya mata, kuma suna da dalilansu. Yarinya ita ce ƙafar uwar da ke kulle: ita take fita da tallan fura da ƙuli-ƙuli, da ribar ake tara kayan ɗakinta. A ɗauke ta a kai makaranta, an rufe wa uwa kasuwa ke nan. Ga kuma tsoron kada boko ya lalata tarbiyya. Hedimasta namiji ne, iyakarsa zaure. Kakata kuwa takan yi sallama ta shige har ƙuryar gida, ta zauna bakin murhu, ta taya tsinkar zogale, su yi ta hira sai can ta kawo zancen. Ba ta ce wa uwa talla banza ce ba. Cewa take yi, "Ba ni ita da safe, in maido miki ita kafin azahar, tallan la'asar naki ne." Wasu suka yarda, wasu suka ba da shekara biyu suka janye da miji ya fito. Takan yi baƙin ciki, amma takan ce wadda ta iya karanta takardar asibiti ba ta fita hannu wofi ba.

Abin da tsarin ya yi mata bai kyautu ba. An kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976 domin irinsu su sami takardar Grade II suna bakin aiki, amma mace mai 'ya'ya da miji da gona, a garin da motar kasuwa take zuwa sau ɗaya a mako, yaushe za ta bi kwas? Yaran da ta koya wa baƙaƙe suka je kwalejin horon malamai suka dawo suka zama shugabanninta, ita tana nan a matakin da aka ɗauke ta. Da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo, albashin ya koma ba ya kai mako biyu, wani lokacin ma a yi watanni ba a gan shi ba. Ƙosai take soyawa da asuba kafin ta tafi aji. Abin da take tunawa da murna a wannan zamani shi ne tafiyar da Zumuntar Mata suka yi a bayan babbar mota zuwa Kaduna a watan Fabrairun 1982, lokacin ziyarar Fafaroma John Paul na Biyu.

1996 zuwa 2000

An ƙirƙiri Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996, kuma kusan a lokacin ne ta ajiye aiki, mijinta ya riga ya rasu. Kuɗin sallamarta ya sha yawo daga tebur zuwa tebur a ofishin da abin ya shafa, ana cewa fayil ya ɓata, har sai da wani tsohon ɗalibinta ya bi sawu.

Ranar 27 ga Oktoba, 1999, Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki a watan Janairun 2000. Ga mafi yawan maƙwabtanta wannan abin farin ciki ne, suna fatan adalcin da kotunan boko suka kasa ba su. Gwamnati ta ce dokar ba ta shafi Kirista ba. Duk da haka tsoro ya shiga, ballantana da rikicin Kaduna na watan Fabrairun 2000 ya ci rayuka masu yawa. Shugabannin Kirista sun daɗe suna kukan wahalar samun filin gina coci, da rashin malaman addinin Kirista a makarantun gwamnati, kuma kukan yana da tushe. 'Ya'yanta da suke aiki a wasu jihohi suka matsa ta bar garin. Ta ce kabarin mijinta yana nan, gonarta tana nan, rabin magidantan unguwar kuma ta taɓa kama yatsunsu. Shinkafar Kirsimeti ta ci gaba da zagaya gidaje, naman layya ya ci gaba da shigowa har ya fi ƙarfin tukunyarta.

2010 zuwa yau

Da farashin zinariya ya tashi, maza a ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka koma haƙa. Suna kawo duwatsun gida, a niƙa a injin niƙan hatsi, mata su daka a turmi, a shanya a tsakar gida inda yara suke rarrafe. Dutsen yana ɗauke da dalma mai yawa. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano dalilin da ya sa yara suke suma suna mutuwa a Dareta da Abare da 'Yargalma da Tungar Guru da sauransu. Yara aƙalla 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa kafin a fara ba yara maganin fitar da gubar, Bagega kuwa ta jira har 2013. Wasu marubutan birni sun ɗora laifin a kan jahilci. Ban yarda ba. Magidancin da noman shekara ba ya ciyar da shi wata shida, aka nuna masa dutsen da zai ba shi kuɗin buhun gero a kwana ɗaya, ba wa'azi ne zai hana shi ba. Kakata, tana da shekara saba'in da ɗoriya, ta bi gidajen tsofaffin ɗalibanta mata tana ta'aziyya, tana roƙonsu abu ɗaya: a raba turmin dutse da na abinci, a fitar da dakan bayan gari.

Kafin wannan rauni ya warke, satar shanu da ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da makiyaya suka rikiɗe suka zama ta'addancin 'yan bindiga. An hana haƙar ma'adinai a 2019. Ranar 26 ga Fabrairu, 2021, aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, aka rufe makarantun kwana, a watan Satumba aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako. A farkon Janairun 2022 aka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Mazauna suka ce mutum kusan 200 aka kashe, gwamnati ta ce 58. Garin Anka, wanda ya karɓi sarakunan Zamfara da suka rasa birninsu, ya cika da 'yan gudun hijira. 'Yan bindigar ba su tambayi addinin kowa ba, kuma Musulmi ne mafi yawan waɗanda suka kashe. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne labarin Jangebe, domin ta san kowace uwa a ƙauye za ta ce ga abin da ake gudu, kuma ba ta da amsar da za ta ba su.

Bayan harin 2022 ne maƙwabtan da suka hana ta tafiya a 1966, ko in ce 'ya'yansu, suka zo da kansu suka ce, "Inna, yanzu kam ki tafi, mu ma da muna da wurin zuwa da mun tafi." Aka kai ta Gusau wurin ɗiyarta. Tana can aka yanke Dayosis ɗin Katsina daga Sakkwato a watan Oktoban 2023, aka naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan Malumfashi, bishop a watan Disamba. Ta sa aka maimaita mata labarin, ta ce ba ta zaci za ta ga wannan rana ba. Ambaliyar da ta ci gidaje a Gummi a watan Agustan 2024 ita ce labarin gida na ƙarshe da ta bi da hankalinta, tana tambayar mutane da sunayensu da na iyayensu. Ta rasu da hunturun da ya biyo.

Ta so a kai ta kusa da mijinta, hanya ba ta yiwu ba, aka binne ta a Gusau bayan Misa da Hausa. Tsofaffin ɗalibanta sun zo a mota guda, limami a cikinsu da ungozoma da direba, suka zauna a rumfar waje har aka gama, suka yi mana gaisuwa, suka juya da wuri domin su wuce dajin kafin la'asar. Gidanta yanzu iyalai biyu ne a ciki, waɗanda suka gudo daga ƙauye, gonar kuwa ba a noma ta ba tun daminar 2021.